Darasi na 9: Tsimin Dutse Mai Rai don Tankin Kifin Teku

A Jamus da Ingila da Amurka da Japan akwai mutanen da abin sha'awarsu shi ne ajiye guntun teku a cikin falo. Tankin gilashi ne cike da ruwan gishiri, ga kifaye masu launi iri-iri, ga murjani mai rai yana buɗewa yana rufewa. Baƙo in ya shigo, kifin yake kallo. Mai tankin kuwa ya san abin da ke riƙe da ran kifin nan shi ne tarin duwatsu masu ramuka da aka jera a bayansa, waɗanda ba mai yaba su. Su ake kira dutse mai rai. Wannan darasi a kan aiki ɗaya ne: abin da ake yi wa dutsen tun daga ranar da ya iso a akwati har ranar da ya cancanci a haɗa shi da kifi. Aikin yakan ci mako biyu zuwa shida, kuma a nan sababbin shiga da yawa suke zubar da kuɗinsu.

Dutsen da mazaunansa

Dutsen kansa ba shi da rai, ƙashin murjani ne da ya daɗe da mutuwa. Murjani 'yan ƙananan halittu ne masu taushin jiki da ke zaune a cunkushe cikin tekuna masu ɗumi, kowanne yana gina wa kansa mazauni da sinadarin kalsiyam kabonet, irin wanda ke cikin farar ƙasa da ɓawon ƙwai. Ginin ba ya sauri: manyan murjani masu siffar curi kimanin santimita ɗaya suke ƙarawa a shekara. In halittun suka mutu, ginin ya rage, igiyar ruwa ta kakkarya shi, tsutsotsi da soson teku su huhhuda shi, har ya koma dutse mara nauyi wanda cikinsa duk ƙofofi ne da lunguna. Alhazan da suka taɓa zagaya tsohuwar unguwar Balad a Jidda sun ga irinsa a bangon gidaje, kuma da shi aka gina Sawakin, tsohuwar tashar jiragen ruwa ta Sudan inda mahajjatanmu na da suke haye Bahar Maliya. Na bango ya bushe, ya mutu murus. Na tanki kuwa daga ruwa aka ciro shi tare da mazaunansa.

Mazaunan suna da yawa. Akwai wata gansakuka mai tauri, launin hoda ko shunayya, da ke manne a jikin dutsen. Akwai soso, da tsutsotsi masu zama a bututu suna leƙo da kai mai gashi-gashi, da dodon koɗi, da ƙaguwa, da wasu 'yan mitsi-mitsin ƙwarin ruwa da kifi ke kiwo a kansu. Amma waɗanda aka fi buƙata ido ba ya ganinsu, su ne ƙwayoyin bakteriya da ke lulluɓe da kowace ƙofa da kowane lungu na dutsen.

Ga aikinsu. Kifi yana fitar da amoniya ta inda yake shaƙar iska da kuma ta kashinsa, haka ma duk abin da ya ruɓe a ruwa. Mai kiwon tarwaɗa ya san ta ko bai san sunanta ba, don tana cikin abin da ke sa kifi ya ƙi cin abinci in an daɗe ba a canja ruwa ba. A ruwan teku ta fi muni, domin shi ruwan teku ya karkata wajen kanwa-kanwa, a ma'aunin pH yana tsakanin 8.1 da 8.4, kuma gwargwadon hawan wannan ma'auni da hawan zafi, gwargwadon yawan kason amoniyar da ke zama guba. Kifin murjani kuma ba shi da juriya irin ta tarwaɗa. To wani rukuni na ƙwayoyin nan yana cinye amoniya ya mayar da ita naitirayit. Rukuni na biyu ya karɓi naitirayit ya mayar da shi naitiret, wanda illarsa kaɗan ce in bai taru da yawa ba. Sunayen biyu sun yi kama, a kula kada a rikita su. Masanin nan Sergei Winogradsky, haifaffen Kiyef, shi ya fara ware irin waɗannan ƙwayoyi a wajajen 1890, a cikin ƙasar noma ma ya same su. Duka rukunan biyu sai da iskar oksijin suke aiki, shi ya sa suke zama a bayan dutse da bakin ƙofofi, inda ruwa ke wucewa. Can ƙuryar dutsen, inda oksijin ba ya isa, akwai rukuni na uku da ke farfasa naitiret ya zama iskar naitirojin, ta fice daga ruwan. Wannan mataki na uku ne ya fifita dutse mai rai a kan matatar roba ko ta soso.

Wani mai kiwon kifi a Jakarta, Lee Chin Eng, ya rubuta tun 1961 cewa yana riƙe kifin teku da dutse daga teku da kumfar iska kawai, ba tare da wata matata ba. Mutane da yawa ba su gaskata shi ba a lokacin. A shekarun 1970 masu sha'awar abin a Berlin, tare da marubucin nan Peter Wilkens, suka daidaita hanyar: dutse mai rai da yawa, haske mai ƙarfi, ruwa mai motsi, da na'urar kwashe kumfa. Har yau tsarin Berlin ake ce mata. Tsohuwar ƙa'idar ita ce kilo ɗaya na dutse ga kowace lita takwas zuwa goma ta ruwa, ko da yake masu tanki na yanzu sukan rage, musamman in dutsen mai yawan ƙofofi ne.

Me ya sa sai an tsima shi

Dalilin yana cikin tafiyar da dutsen ke yi. Ruwa nauyi gare shi, jirgin sama kuma da kilo yake caji. Saboda haka yawanci ba a cikin ruwa ake aiko dutsen ba. Naɗe shi ake yi da jiƙaƙƙiyar jarida, a sa a leda, a rufe cikin akwati mai kama da kular ƙanƙara. Ta jirgin sama ya yi kwanaki a hanya, ta jirgin ruwa ya yi makonni. Bakteriya da gansakukar nan mai tauri suna jurewa muddin akwai danshi. Soso kam ba ya jurewa: da iska ta shiga hanyoyin da ruwa ke bi a jikinsa, ta maƙale, sai ya soma mutuwa. Haka tsutsotsi da ƙananan ƙaguwa da suka maƙale a lunguna. Wasu a bayyane suke, wasu suna can ciki inda hannu ba ya kai.

In aka ɗauki dutsen a haka aka jefa cikin tankin da ke da kifi, duk wannan mushe a ruwan kifin zai ruɓe, amoniya ta yi sama a cikin kwana ɗaya ko biyu, a wayi gari ana tsame gawa. Tsimi shi ne a ba dutsen wani wuri dabam inda abin da zai mutu ya gama mutuwa, ya ruɓe, ya fita, a lokaci guda kuma ƙwayoyin bakteriya su farfaɗo su hayayyafa. Abu biyu ake nema tare, kuma suna ja da juna: a fitar da matacce, a tsira da mai rai. Wanda ya manta na biyun, ya biya kuɗin dutse mai rai ya ƙare da dutsen gini.

Kayan aiki

Ana buƙatar baho ko duro na roba, sabo ko wanda abinci kaɗai ya taɓa shiga cikinsa. Wanda aka taɓa zuba wa mai, ko sabulu, ko maganin ƙwari, ko an wanke shi sau goma kada a yi amfani da shi. Ƙarfe ma a nisanta shi, musamman tagulla, don ɗan kaɗan nata a ruwa ya isa ya kashe jatan lande da dodon koɗi da murjani, kuma dutsen yana shanye ta ya riƙa sakinta daga baya. Sai ɗan famfon lantarki da ake nutsawa a ruwa don ya riƙa juya shi dare da rana, da ma'aunin zafi, da ma'aunin gishiri, da kayan gwajin amoniya da naitirayit da naitiret, da sabon buroshi na roba, da tiyo, da safar hannu mai kauri, da tabarau na kariya. In da hali a ƙara sikima, wato na'urar da ke kaɗa ruwa da iska ya yi kumfa, dauɗar ta hau kumfar ta taru a wani kofi a sama. A makon farko za ku sha mamakin baƙin ruwan da ke taruwa a kofin nan.

Ruwan sai an haɗa shi. Gishirin miya ba ya yi, domin ruwan teku ban da gishirin da muka sani yana ɗauke da magniziyam da kalsiyam da fotasiyam da wasu sinadarai da dama. Akwai garin gishirin da ake sayarwa musamman don wannan aiki. Kimanin giram 35 ake sa wa kowace lita, ko ɗan sama da haka bisa ga abin da aka rubuta a jikin buhun, har ma'auni ya nuna kashi 35 cikin dubu, ko 1.025 zuwa 1.026 a ɗaya ma'aunin. Gishiri ake zubawa cikin ruwa, ba ruwa a kan gishiri ba, kuma a bar famfo ya juya shi ya kwana kafin a yi amfani da shi. Shi ruwan kansa tatacce ake so, wanda ya bi ta matatar da ke cire komai da komai. Ruwan famfo yana da kulorin, na rijiya da na burtsatse kuma yakan zo da naitiret ko ƙarfe, waɗanda daga baya za su ciyar da gansakukar da ba a so.

Zafin ruwan ya tsaya tsakanin digiri 24 da 27. A Turai hita suke sawa. Wanda yake ƙasa mai zafi matsalarsa akasin haka ce: ruwa in ya doshi digiri 30 oksijin ɗinsa yana raguwa, alhali ruɓewar tana cinye wanda ya rage. Sai a nemi ɗaki mafi sanyi, a kunna fanka tana busa saman ruwan. Inda wuta ke ɗaukewa kuma, ɗan famfon iska mai batir ba abin alfarma ba ne, dole ne. Awoyi kaɗan ruwan ya tsaya cik a makon farko sun isa su kashe abin da tafiyar jirgi ba ta kashe ba.

Ranar farko

A buɗe akwatin a waje ko kusa da taga, safar hannu da tabarau suna jiki tun kafin a yanke ledar. Hanci ne zai fara ba da labari. Dutsen da bai sha wuya ba ƙamshin bakin teku yake yi, ɗan ƙarni-ƙarni mai daɗin shaƙa. Wanda ya daɗe a hanya kuwa sai mutum ya ja da baya. A shirya bokiti biyu na ruwan gishiri. A ɗauki dutse ɗaya, a cire jaridar da ta manne masa, a tsoma shi a bokiti na farko a girgiza da ƙarfi, a juya a sake girgizawa. Za a ga yashi da laka da guntattakin halittu suna fita daga ramukan, ruwan ya koma ruwan toka. Sai a ɗago shi a dube shi ta kowane gefe. Duk inda aka ga baƙi mai laushi, ko fari mai yauƙi, a danna da yatsa. In ya lotsa ya fitar da wari, soso ne ya mutu, a kankare shi har ƙasa da buroshi ko bakin cokali na roba. Ganyayen teku masu laushi da suka yi yaushi a tsinke su. Inda aka ga hoda ko shunayya mai tauri kuwa a bar shi, ko da ya ɗan koɗe, don yakan dawo. Sai a ɗauraye a bokiti na biyu a sa a baho.

A nan ake yawan wuce gona da iri. Wani sai ya sa buroshin ƙarfe ya goge dutsen tas har ya yi fari, ko ya kai shi bakin famfo ya wanke, yana ganin tsabta ya yi. Garin neman gira ke nan a rasa ido. Ruwan daɗi yana kashe halittun teku nan take, kuma buroshi aikinsa a kan matacce ne kawai.

A baho kada a danne duwatsun a kan juna. A jera su da tazara yadda ruwa zai ratsa, ruwan kuma ya rufe su gaba ɗaya. Wasu sukan ɗora su a kan ragar roba don dattin da ke zuba ya taru a ƙasa, a ji daɗin zuƙe shi da tiyo. A ja layi a jikin bahon daidai bakin ruwa. Kullum ruwa zai ragu saboda tururi, amma gishiri ba ya tashi da tururi, saboda haka da tataccen ruwan daɗi ake cikawa zuwa layin, ba da na gishiri ba. A rufe da murfi a bar kafar iska. Ba a kunna fitila a wannan lokaci, domin ruwan cike yake da taki, in aka haɗa masa da haske koriyar gansakuka mai gashi ce za ta mamaye dutsen, ita kuwa in ta kama wuri fitar da ita sai an yi da gaske.

Makonnin jira

Daga nan aikin ya koma na gwaji da rubutu. A nemi littafi a ja layuka: rana, zafi, gishiri, amoniya, naitirayit, naitiret. Gwajin ba wuya. Ana ɗibar ruwa a 'yar kwalba zuwa layin da aka nuna, a ɗiga magani adadin da takarda ta ce, a girgiza, a jira mintunan da aka faɗa, sannan a kara kwalbar da katin launuka a wuri mai haske. A kayan gwajin amoniya da aka fi samu, rawaya na nufin babu, yana komawa kore gwargwadon yawanta.

Abin da za a gani yana bin tsari ɗaya kusan ko yaushe. A kwanakin farko amoniya za ta tashi, ruwa ya yi duhu, ɗaki ya ɗauki wari. Iyali za su yi ƙorafi, kuma suna da gaskiya, shi ya sa ake yin wannan aiki a gareji ko ɗakin ajiya. Sannan amoniya ta soma sauka, naitirayit ya soma hawa, alamar rukuni na farko ya kama aiki. Bayan wasu kwanaki shi ma ya sauka, naitiret ya bayyana. Dutsen da ya zo ta jirgin sama cikin gaggawa yana iya gama wannan zagaye a mako biyu, wanda ya sha hanya ya haura wata.

Masu wannan sana'a sun daɗe suna gardama a kan canja ruwa. Wasu sun ce a bar amoniya ta hau yadda ta ga dama, ai ita ce abincin bakteriya, canja ruwa ɓarnar gishiri ne. Wasu sun ce a canja da zarar ta haura miligiram ɗaya a lita. Ni ina bayan na biyun. Ƙwayoyin a jikin dutse suke, ba a cikin ruwa ba, don haka zubar da ruwa ba ya zubar da su, kuma dutsen da ke ruɓewa ba zai bar su da yunwa ba. Amoniya mai yawa kuwa tana kashe tsutsotsi da ƙananan ƙwarin da suka tsira daga jirgi, su ma su ruɓe su ƙara wata, abu ya yi ta juyawa. In ta yi yawa ainun har ƙwayoyin kansu take rage wa kuzari. Saboda haka a makon farko a shirya canja rabin ruwan sau biyu, ko fiye in gwaji ya nuna buƙata. Kowane canji a fara zuƙe dattin ƙasa, a ɗago duwatsun ɗaya bayan ɗaya a girgiza a cikin tsohon ruwan, a shinshina, a kankare sabon abin da ya mutu. Sabon ruwan ya zo daidai da tsohon a zafi da gishiri. Wanda bai tanadi buhun gishiri na musamman don wannan ba, bai gama lissafin kuɗin dutsen ba.

In aka ɗago dutse aka ga ƙarƙashinsa ya yi baƙi ƙirin, yana warin ruɓaɓɓen ƙwai, iska ce ba ta isa wurin. A juya shi, a karkato famfo ta wannan gefen.

Kalanda ba ta yanke hukunci a wannan aiki, kwalbar gwaji ce ke yankewa. Dutse ya tsimu in amoniya ta nuna babu, naitirayit ya nuna babu, suka zauna a haka kwanaki a jere ba tare da an canja ruwa ba, wari kuma ya koma ƙamshin teku. Masu son tabbaci sukan ɗiga amoniyar kwalba har ta kai miligiram ɗaya ko biyu a lita, su sake gwadawa bayan awa 24. In ta ɓace, ƙwayoyin sun isa aiki. Ko mai shago ya rantse cewa dutsensa tsimamme ne, in dai ya kwana a hanya ba cikin ruwa ba, a ba shi mako guda a baho a gwada. Banda sabon tankin da ba a sa masa komai ba: a cikinsa ana iya yin tsimin gaba ɗaya, in mutum zai iya zama da warin a falonsa.

Baƙin da ba a gayyata ba

Lokacin tsimi ne kaɗai ake da damar kama masu ɓarna cikin sauƙi. Da dare a leƙa bahon da tocila. Akwai wani jatan lande da Turawa ke kwatantawa da ƙoƙi-ƙoƙi saboda yadda yake naɗe hannuwansa. Naushinsa yana fasa ƙoƙon dodon koɗi, yana kuma tsaga yatsan mutum, kuma sau da yawa ƙarar ƙas-ƙas da dare ce ke tona shi kafin a gan shi. Akwai ƙaguwa masu gashi da baƙin bakin ƙafa, waɗanda in sun girma suke cin murjani da ƙananan kifi. Akwai wani furen teku mai launin ƙasa-ƙasa, Aiptasia, wanda ke harbin murjani, kuma in aka kankare shi kowane guntu sabo yake zama. Wasu sukan tsoma dutsen minti ɗaya a ruwan da aka ƙara wa gishiri har ya kai 1.035 zuwa 1.040. Mazauna ramukan sai su fito da gudu, a tsince na so a mayar, a ware na ƙi. Tsutsotsi masu ƙaya yawancinsu masu shara ne, suna cinye ragowar abinci, sai dai ƙayarsu tana shiga fata ta yi zafi da ƙaiƙayi.

Gargaɗi ɗaya ya fi duk waɗannan nauyi. Kada a taɓa dafa dutse mai rai, ko a kwara masa tafasasshen ruwa, ko a goge shi a bushe a cikin ɗaki. A jikin wasu duwatsun akwai wasu halittu masu kama da 'yan maɓallai a jere, dangin Palythoa, waɗanda ke ɗauke da guba mai suna falitoksin, ɗaya daga cikin mafiya ƙarfi da aka sani. Richard Moore da Paul Scheuer na Jami'ar Hawai ne suka fara ware ta a 1971. Tana shiga ta rauni, ta ido, ta numfashi kuma in ta bi tururi. A 2015 hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka ta fitar da rahoto a kan mutanen da suka kamu ta wannan hanya a jihar Alaska, a gidaje da shagunan kifi. A 2018 a yankin Oxfordshire na Ingila an kwashi iyali guda zuwa asibiti bayan an wanke tanki, har da wasu 'yan kwana-kwanan da suka kai ɗauki. Alamunta su ne ɗacin baki, da tari, da zazzaɓi, da ciwon jiki, da wahalar numfashi. Ba ta da makari. Wanda ya ji haka bayan ya taɓa dutse, a fitar da kowa daga ɗakin, a tafi asibiti, a kuma gaya wa likita abin da aka taɓa. Mai rauni a hannu ya jira ya warke kafin ya sa hannu a baho.

Wane dutse za a saya

A gaɓar kudu ta tsibirin Viti Levu na Fiji, shekaru da yawa mutanen ƙauye suna ɓamɓarar dutse da ƙarfe in ruwa ya janye, ana fitar da ɗaruruwan tan a shekara. Kuɗi ya shiga ƙauyuka, amma abin da aka ɓamɓare da hantsi ɗaya shekaru ya ɗauka yana ginuwa. Amurka ta hana ɗibar dutsen a ruwan Florida tun shekarun 1990, Fiji ma ta dakatar da fitar da shi a ƙarshen 2017. Murjani mai ƙashi yana cikin jerin yarjejeniyar CITES, mai kula da cinikin halittun da ke fuskantar ƙarewa, da aka sa wa hannu a 1973, don haka ba a haye iyaka da shi sai da takardar izini. A gaɓar Afirka ta Yamma kuwa, daga Legas zuwa Akara, babu manyan tuddan murjani, saboda lakar koguna da ruwan sanyi da ke tasowa daga ƙasan teku. Dutsen bakin ruwan can ba irin wannan ba ne.

Yanzu noma dutsen ake yi. A Florida sukan haƙo farin dutse a tudu, su zuba shi a filin da suka yi haya a ƙarƙashin Tekun Meksiko, su bar shi shekaru halittu su tare, sannan su tsamo. Wasu ma a cikin ruwa suke aiko shi, tsiminsa ba ya daɗewa. Akwai kuma busasshen dutse, mai araha, wanda ba ya zuwa da ɓarayin baƙi amma ba ya zuwa da komai na alheri. Shi ma sai an jiƙa shi makonni, don yakan saki fosfet, sannan a sa masa irin bakteriya daga kwalba ko daga ɗan guntun dutse mai rai. Na siminti da aka ƙera da hannu kuwa a ruwan daɗi ake fara jiƙa shi, ana canjawa har kaifin simintin ya fita, abin da duk wanda ya taɓa gina kwamin kifi ya sani. In da zaɓi, wanda aka noma ya fi cancanta da kuɗinku: yana da rai, kuma ba a rushe wa wani teku ba kafin a same shi.

Aikin yi

Wani yana da tanki mai cin lita 200, zai tsima dutsensa a duro mai cin lita 100. Ku lissafa kilo nawa na dutse tsohuwar ƙa'ida ta ba shi, da kilo nawa na gishiri zai cika duron da shi karon farko, da kuma wanda zai ƙara in ya canja rabin ruwan sau huɗu. Sannan ku bayyana da kalmominku abin da ke faruwa a duron a ranar da amoniya ta nuna babu amma naitirayit yana sama, da abin da za ku ce masa in ya ce gobe zai sayo kifi. Ku zo da amsoshin a rubuce, tare da yadda kuka bi lissafin, don a kansu za mu ɗora darasin jera dutse da zuba yashi.